Baƙunci Ba Hujjar Yin Shiru Ba Ne A Kan Lafiyar 'Ya'yanmu A Makaranta

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan mutanenmu mazauna Legas sun tashi tsaye wajen sa yara a makarantar firamare, daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Obalende. Wannan abin godiya ne ga Allah, musamman a wurinmu da sai da furfura ta fara fito mana muka zauna a ajin yaƙi da jahilci muka koyi rubuta sunanmu. To amma akwai wata tambaya da muke so kowane magidanci ya amsa wa kansa: yaushe rabonka da taka ƙafarka cikin makarantar da ɗanka ke yini?

Da yawanmu tun ranar da muka biya kuɗin rajista ba mu sake leƙawa ba. Maigida ya fita kasuwa tun asuba, uwargida tana cikin gida, an haɗa ɗan shekara biyar da yayarsa 'yar shekara tara su tsallaka titi su kaɗai. Ba mu san sunan malaminsu ba, ba mu san ko akwai mai gadi a ƙofa ba, ba mu san inda suke kewayawa ba idan bayan gida ya kama su.

A ranar 13 ga Maris, 2019, wani bene ya rushe a unguwar Ita Faaji cikin tsibirin Legas, alhali akwai makarantar firamare a samansa, kuma mutane kimanin 20 suka rasu, cikinsu har da ɗalibai. An ba da rahoton cewa tun kafin ranar hukuma ta riga ta yi wa ginin alamar rushewa. Wato haɗarin a fili yake, mutane na wucewa kullum suna ganinsa, ana kuma ci gaba da hawa da yara sama. A watan Yuli na 2024 irin wannan ta faru a Jos, inda ginin wata makaranta ya danne ɗalibai, mutum 22 suka riga mu gidan gaskiya. Yanzu mu duba ƙananan makarantun kuɗi da ke lungunan unguwanninmu, waɗanda muke zaɓa saboda sauƙin kuɗi da kusa da gida. Wasu ɗakunan haya ne aka mayar aji, ƙofa ɗaya, matakala ɗaya, bango ya tsage. Idan wuta ta tashi, ta ina yara arba'in za su fita?

Kada kuma wani ya ɗauka cewa matsalar ta makarantun Yarabawa ce kawai. Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar, a Kano aka sace ta a watan Disamba na 2021, kuma mai makarantar da take zuwa ne kotu ta samu da laifin kashe ta, ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Yarinyar ta san shi, iyayenta sun amince da shi. Saboda haka abin da muke faɗa ya shafi makarantar gwamnati, ya shafi ta kuɗi, ya kuma shafi Islamiyyun da mu da kanmu muka buɗe.

Abin da ya fi damunmu a wannan ƙungiya shi ne shirun da muka mayar ɗabi'a. Yaro ya dawo da shatar bulala har ta fasa fata, ko 'yan ajinsu sun tasa shi gaba da kiran "aboki" suna ƙwace masa kuɗin tara, ko yarinya ta ƙi zuwa makaranta haka kawai tana kuka, sai uba ya ce a bar maganar, mu baƙi ne, kada a ja mana fitina. Wani ma sai ya cire yaron ya tura shi talla. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma ƙalilan ne suke samun taimako. Yaron da ya ga an yi shiru a kan kukansa na farko ba zai kawo na biyu ba, ko da na biyun ya fi muni.

Doka ba ta san ɗan gari da baƙo ba a wannan fage. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa, addininsa ko asalin garinsu. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, Jihar Legas ta yi tata a 2007, kuma kowane yaro da ke cikin jihar ta shafa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ne. Uban da ya je wurin hedimasta cikin ladabi ya tambayi dalilin raunin da ke jikin ɗansa, haƙƙinsa yake nema. Idan ba a saurare shi ba, akwai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a sama da hedimasta.

Mun san uzurin da za a kawo: taron iyaye da malamai da Turanci ko Yarabanci ake yinsa. Gaskiya ne. Amma mutumin da ke cinikin tirelar albasa da Yarabanci ba zai ce mana harshe ne ya hana shi zama na awa ɗaya ba. Ga kuma samarinmu haifaffun nan da suka iya harsunan uku, su yi tafinta. A makarantun gwamnati akwai kwamitin kula da makaranta da ake sa iyaye da shugabannin unguwa a ciki. Kujerar da muka ƙi zama a kai, ba a ajiye mana ita.

Don haka muna roƙon kowane gida kafin ƙarshen wannan zango uba ko uwa ya je da kansa ya duba ajin, ƙofar fita, ban ɗaki da ruwan sha, ya kuma rubuta wa makaranta sunan wanda aka yarda ya ɗauki yaron idan an tashi. Iyaye mata su riƙa tambayar yara da dare yadda aka yini, kuma in yaro ya faɗi abin da ba daɗin ji, kada a fara da tsawa. Masu unguwanni su kawo mana sunayen makarantun da yaranmu suka fi yawa, domin mu ba kowace makaranta mutum biyu masu halartar taro. Wanda ke da ƙorafi kuma bai iya rubutu ba, ya zo ofishin ƙungiya bayan sallar La'asar, za mu rubuta masa takarda mu kuma raka shi.