Yarjejeniyar Geneva da Hausawan Sabo

A watan Mayun 2025 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince cewa kamfanonin da suka shiga tsarin yaƙi da annoba su ware wa hukumar kashi 20 cikin 100 na rigakafin da suke sarrafawa, rabinsa kyauta. Nijeriya ta san illar kyautar da ta makara: a Disambar 2021 an lalata allurai fiye da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare.

Ko sun iso da wuri, Sabo, unguwar Hausawan Ibadan tun 1916, ba za ta gan su ba sai cibiyar lafiya ta ƙaramar hukuma tana da firij mai aiki da ma'aikacin da ke jin Hausa. Kuɗin wannan daga kasafin Abuja da na Oyo zai fito.