A Ƙaro 'Yan Sanda A Gabashin Sakkwato

Ranar Lahadi, 17 ga Oktoba, 1443 ta Hijira tana watanta na uku, wato 2021, 'yan bindiga suka auka wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum 43. Lokacin hukuma ta katse layukan waya a yankin, ko kiran neman agaji babu hali. Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah ta ga irin wannan ta'asa tun 2018.

Ba kurtun da ke caji ofis muke zargi ba. Ga ƙarancin mutane, ga rashin mota da mai, ga ƙauyuka barkatai. Kafin ya iso, mahara sun shige daji da shanu.

Muna roƙon Sufeto Janar ya kwaso masu riƙe wa manya jaka a Abuja, ya turo su Wurno, Rabah da Goronyo kafin kaka ta kama.