Ra'ayinmu: Tambarin da ke jikin gangar fareti

Makonni uku ke nan ana taƙaddama a wata makarantar firamare ta cikin birni, har maganar ta fi ƙarfin ofishin hedimasta ta iso gaban wannan reshe. Asalin rigimar ganga ce. Da aka fara shirin faretin 1 ga Oktoba, malamin da ke kula da 'yan badujala ya buɗe sito ya fito da wata tsohuwar babbar ganga, ya sa aka sake mata fata, aka goge kangonta. Da ƙura ta fita sai zane ya bayyana: jan da'ira, a cikinta koren tauraro mai tsini shida, a tsakiyar tauraron kuma kambin sarautar Ingila. Wannan shi ne tambarin Nijeriya ta zamanin Turawa, wanda ke jikin tutar mulkin mallaka daga 1914 zuwa 1960.

Gangar kyauta ce. Wani tsohon soja ɗan unguwar, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo, shi ya riƙa koya wa yaran makarantar maci da ita har tsufa ya zaunar da shi, ya bar musu ita. Tattaɓa-kunnensa biyu suna aji a makarantar yau. Malamai sun rabu gida biyu. Wasu sun ce a fita da ita yadda take, fenti ne kawai, kuma girmama mamaci ne. Wasu sun ce a kankare zanen tas, domin ba a ɗora wa yaro tambarin wanda ya ci ƙasarsa a ƙirji ranar murnar 'yancin kai. Mun ji cewa malamai biyu da suka yi shekaru suna cin abinci tare yanzu gaisuwa ma da ƙyar.

Matsayin wannan reshe shi ne: kada a fita fareti da zanen a buɗe, kada kuma a kankare shi. Ga hujjojinmu.

Mai cewa fenti ne kawai ya manta garin da yake zaune. A Zazzau kayan kiɗa magana suke yi. Yaron da ya tashi kusa da Ƙofar Fada ya san ba a busa wa kowa kakaki sai sarki, ya san tambura ba a buga su a bikin aure, ya san kalangu zai kira mahauci da takensa ya waiwayo ba tare da an ambaci sunansa ba. Harshenmu ma ya shaida haka, domin da kalma ɗaya, tambari, muke kiran gangar sarauta da kuma alamar hukuma da ake bugawa a takarda. Ganga a gaban sahu tuta ce mai sauti. Abin da aka zana a jikinta, shi dukan sahun yake ɗagawa, ko yaran sun sani ko ba su sani ba.

To, me wannan zane yake faɗa? Tarihinsa ya ratso ta ƙofar gidanmu. Lugard da kansa ya bayyana cewa ya samo siffar tauraron ne a murfin wani kofin tagulla da sojojinsa suka kwasa ganima lokacin da suka ci Kwantagora a 1901. Malamanmu sun san wannan siffa tun kafin zuwan Turawa, suna kiranta hatimin Annabi Sulaiman. Ke nan alamar gida aka ɗauka aka ɗora mata kambin baƙo. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da aka kora daga Kwantagora ya shigo ƙasar Zazzau yana hari, Sarki Kwasau ya nemi agajin Turawa a 1902, suka zo suka zauna, daga baya suka tuɓe shi suka kai shi Wushishi. Daga nan Zariya rundunar Kanar Morland ta tashi a ƙarshen Janairun 1903, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, kafin shekarar ta ƙare an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. A ƙarƙashin wannan tambari aka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi a 1920, aka kai shi Lakwaja, can ya rasu. A ƙarƙashinsa kuma ake jera 'yan makaranta kowace 24 ga Mayu, ranar daular Ingila, su sara wa tutar da ba tasu ba.

Bayan wannan akwai masu kallo. Tsohuwa za ta ga tauraron ta tuna anini da kwabo mai huji, ta yi murmushi. Malamin zaure zai gan shi ya tuna hatimi. Matashi mai waya a hannu zai gan shi ya ce tambarin Isra'ila ne a jikin gangar 'ya'yan Musulmi, ya ɗauki hoto, kafin la'asar ya bazu. Wanda zai sha tambaya da jifa da baƙar magana shi ne yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da aka rataya wa gangar, wanda bai zaɓi komai ba. A filin fareti babu allo babu alli, babu minti biyar na bayani. Malami ba ya sa almajirinsa ɗaukar maganar da shi kansa ba zai samu damar fassarawa ba.

Ba mu kaɗai muka taɓa fuskantar irin wannan ba. A Amurka wasu makaɗa sun daɗe suna zana tutar jihohin Kudu, waɗanda suka yi yaƙi don kare cinikin bayi, a jikin jitarsu, suna cewa gadon gida ne. Baƙaƙen fata kuwa bulala da mari suke gani a ciki. Bayan da wani ɗan wariyar launin fata ya harbe mutum tara a wani cocin baƙar fata a birnin Charleston a watan Yunin 2015, jihar Karolina ta Kudu ta sauke wannan tuta daga harabar majalisarta ta kai ta gidan adana kayan tarihi. A Jamus doka ta hana baje alamomin 'yan Nazi a bainar jama'a, amma ta yarda a nuna su domin koyarwa da bincike. Ma'aunin guda ne a wurare biyun: akwai nuni na ɗaukakawa, akwai nuni na ilimantarwa. Fareti ɗaukakawa ne. Aji wurin ilimi ne.

Wannan ma'auni shi ya sa ba mu goyi bayan masu kankara ba, duk da mun fahimci zafin zuciyarsu. Mu malamai kullum kukanmu rashin kayan koyarwa. Muna karantar da zuwan Turawa daga littafi mai hoto ɗaya, yara suna hamma. Ga shi Allah ya kawo mana shaida mai kango da fata, wadda yaro zai taɓa da hannunsa, sannan mu ce a kawo wuƙa? Gani ya kori ji. Kankare fenti ba ya mayar da Kwasau kan gadonsa, sai dai ya rage wa jikokinmu hanyar sanin yadda aka sauke shi. Akwai kuma haƙƙin tsohon sojan. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, da yawansu talauci ko umurnin hakimi ya kai su, wasu ba su dawo ba. Wanda ya dawo ya ba yaran unguwarsa lokacinsa da gangarsa bai cancanci a mayar da kyautarsa abin kunya a gaban zuriyarsa ba.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan tambarin Bature ya sosa mana rai, mu tuna cewa a kayan kiɗanmu ma akwai abin da ke sosa ran wasu. Zazzau ta kai hare-haren kamun bayi kudancin ƙasarta, kuma jikokin waɗanda aka kai wa harin suna zaune a azuzuwanmu, wasunsu abokan aikinmu ne a wannan ƙungiya. Take da kirarin da ke yabon waɗancan hare-hare, ko waƙar maci mai kiran wasu arna ko bayi, nauyinsu ɗaya da kambin da ke jikin gangar. Fada tana da huruminta da al'adunta, ba can muka dosa ba. Maganarmu kan makarantar gwamnati ce, wadda ke riƙe da ɗan kowa. Duk malamin da ya ɗaga murya kan tauraro, ya saurari abin da 'yan badujalarsa ke rerawa da kunnen yaron da ya fito daga Kaciya ko Zangon Kataf.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. A bana, tunda lokaci ya ƙure, a naɗe kangon gangar da ƙyalle kore da fari wanda za a iya warewa, a fita da ita, kada yara su rasa faretinsu saboda saɓanin manya. Bayan biki a ajiye ta a ɗakin karatu ko ofishin hedimasta, zanen a buɗe, tare da takardar bayani da Hausa da Turanci mai faɗin asalin tambarin, da abin da aka aikata a ƙarƙashinsa, da alherin wanda ya ba da ita. A gayyato iyalansa ranar da za a ajiye ta, a gode musu a gaban yara. Malaman aji biyar da shida su riƙa kai ɗalibansu gabanta idan darasin mulkin mallaka ya zo. Ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta fara haɗa kuɗin sabuwar ganga, wannan reshe zai sa hannu gwargwadon iko. Sauran makarantu su leƙa sitonsu tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abokan aikinmu biyu da suka daina cin abinci tare, muna roƙonku ku yi wa Allah ku shirya. Ɗayanku kishin ƙasa ya motsa shi, ɗayan kuma amanar mamaci, kuma yara suna bukatar koyon duka biyun. Su suna kallonku, kuma yadda kuka warware wannan magana zai zauna a ransu fiye da duk abin da za mu rubuta a takardar bayani. Allah ya yi mana jagora, ya kai mu 1 ga Oktoba lafiya.