Guduma a ɗane ba ita ce ke kashe mutane ba

Tun jiya nake ganin hoton wani ɗan sandan Amurka yana yawo a Facebook, bindigarsa a ƙugu, gudumar bayanta a ɗane. Sai ga masana sun fito: wai bai san aikinsa ba, wai yanzun nan zai harbe cinyarsa. Wani ma cewa ya yi da shi ne ogansa da tuni ya kore shi. Haba jama'a! Wanda bai taɓa riƙe ko bindigar toka ba, shi ne zai koya wa mutum yadda ake rataya fistol?

Bindigar nan ita ce ake kira 1911. John Browning ne ya ƙera ta, sojojin Amurka suka karɓe ta a 1911, suka riƙe ta har 1985 kafin su koma Beretta. Irin ta, kunama aiki ɗaya tak take yi: ta saki guduma. Ba ta ɗana ta. In guduma na kwance, ko ka matsa kunama har yatsanka ya yi ciwo ba abin da zai tashi. Ga kuma abin da masu ihu ba su sani ba: makullinta na babban yatsa ba ya ma shiga sai guduma na ɗane. Wato abin da kuka gani kuka firgita, a haka ne bindigar take a kulle. Bayan shi akwai wani makullin a bayan mariƙi, wanda ke tare kunama sai tafin hannu ya damƙe shi. Daga 1983 kamfanin Colt ya ƙara wani abin da ke tare allurar da ke dukan harsashi. Sannan ga kube mai tauri da ya rufe kunama ruf.

To ina haɗarin yake? Yana wajen shawarar da kuke bayarwa. "Ya kwantar da gudumar mana." Madalla. Ka san yadda ake kwantar da ita alhali harsashi na ciki? Sai ka matsa kunama, kana riƙe da guduma da babban yatsa, kana sassauta ta a hankali a kan harsashi mai rai. Gumi ya sa yatsan ya zame, shi ke nan, sai a ji ƙara. Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona, ya kasa yanayin ɗaukar fistol lamba-lamba. Na ɗaya shi ne guduma a ɗane, makulli a rufe, kuma shi ya zaɓa. Wannan naku shi ne na biyu, wanda masu koyarwa suka fi hana ɗalibansu.

Ban ce babu wata hanya ba. Akwai masu barin ɗakin harsashi fanko, sai buƙata ta taso su ja saman bindigar. Jami'an Isra'ila sun yi suna da haka, su ma sojojin Amurka sun daɗe suna yi. Amma tana son hannu biyu da ɗan lokaci, kuma mai neman ranka ba zai jira ka ba. Ban kuma ce kowace bindiga ce za a yi wa haka ba. Tokarev ta Rasha, ta asali, ba ta da makullin yatsa, ɗaukar ta a ɗane ganganci ne zalla. Haka wadda ta tsufa haƙoranta suka cinye, ko wadda wani gwani ya goge mata ciki don kunama ta yi laushi.

Abin dariyar ma, Glock da yawancin 'yan sandan Amurka ke ratayawa, harsashi na ciki, ba ta da makullin yatsa ko ɗaya. Ba wanda ya yi ihu, don ba a ganin guduma a waje. Ashe ido ne ke tsorata, ba bindiga ba.

Kada wani ya ce ina zuga mutane su nemi fistol. A Najeriya dokar makamai ta sa ta cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa. Abin da ke damuna daban ne. Sau nawa muka ji an kashe direba ko fasinja a shingen bincike, washegari a ce "harbin kuskure" ne, wai bindiga ce ta tashi da kanta? Duk wanda ya yarda ƙarfe na tashi haka kawai, ya riga ya wanke wanda ya ɗora yatsa a kan kunama kuma ya nuna bakinta ga mutum. Ni dai in aka sake ce mini ta tashi da kanta, tambayata ita ce: makullin wa ya buɗe shi?