Lambun Uwargida: Baƙin da ke sa kabewa ta yi 'ya'ya



Tambayoyi biyu ne a gabanmu wannan makon. Ta farko daga wata uwa ce a Tsamaye, ƙaramar hukumar Sabon Birni: kabewarta ta yaɗu har ta rufe danga, ga fure birjik, amma sai ya yi yaushi ya zube, babu ɗa ko ɗaya. Ta biyu daga masu kallon bidiyon wani ɗan tsuntsu ne a Facebook da TikTok, wanda ke tsayawa cak a iska yana zura baki cikin fure. Suna son sanin abin da za su shuka ya zo gidansu.

Wannan tsuntsu, da Turawa ke kira hamingbad, a nahiyar Amurka kaɗai yake rayuwa. Nau'insa ya haura 300, kuma ƙaraminsu, na ƙasar Kyuba, nauyinsa kusan giram 2 ne. Duk furen da kika shuka ba zai kawo shi ƙasar Gobir ba. Amma mu ma Allah ya ba mu namu, wato sha-kauci. Ɗan ƙarami ne, mai siririn baki a lanƙwashe. Namijin kore ne mai sheƙi da dogon bindi, macen kuwa ba ta da ado. Ya samo sunansa daga kauci, tsiron nan da ke maƙalewa a rassan itatuwa, domin ruwan zaƙin furensa yake sha. Shi ya fi son ya sauka a reshe ya sha a natse.

Me ya haɗa wannan da tukunyar miya?

Kowa ya san halin da Sabon Birni da Isa ke ciki. Gonar nesa da fadama sun zama wuraren da ake zuwa da fargaba, wasu ma an daina zuwa. Iyalai da yawa sun koma cikin gari, wasu Sakkwato, wasu sun tsallaka Gidan Rumji a jihar Maraɗi. A irin wannan yanayi, 'yar shukar bayan ɗaki ita ce miyar yara, ita ce kuɗin sabulu. Idan ta yi fure ba ta yi 'ya'ya ba, asarar ta shafi gida duka.

Gero da dawa da masara iska ce ke yi masu barbara. Kabewa, wadda Gobirawa ke ce wa kabushi, da kankana da agushi da duma da gwanda kuwa sai an ɗauko garin fure daga wani furen an kai wani. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da duniya ke ci suna amfana da wannan aiki. Ƙudan zuma ne kan gaba a yinsa. Malam-buɗe-littafi da sha-kauci suna taimakawa, kuma su ne alamar da ido ke saurin gani. Lambun da suka ƙaurace wa, da wuya ƙudan zuma ya zauna a cikinsa.

Ruwa ba ya tsami banza

Ke mai kabewa, ki duba furen da kyau. Iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya. Namiji yana kan siririn kara. Mace kuwa tana da ɗan ƙulli a gindinta, kamar 'yar kabewa. Mazan ne ke fara fitowa, kuma zubewarsu ba matsala ba ce, haka aka halicce su. Matsala ita ce ki ga macen ta buɗe, ƙullin ya yi rawaya ya faɗi. Sau da yawa wannan na nufin babu wanda ya kai mata gari.

Kafin baƙin su dawo, ki yi aikin da hannunki. Furen kabewa da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Bayan kin idar da sallar asuba, gari ya waye, ki tsinko namiji ɗaya, ki cire ganyen furen, ki goga tsinken tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali. Idan ya kama, cikin 'yan kwanaki za ki ga ƙullin yana girma. Duma kuma da yamma farin furensa ke buɗewa, 'yan'uwan malam-buɗe-littafi masu yawon dare ne ke yi masa aiki.

Abin da za ki shuka

Ba sai kin sayi furen Turawa ba. Abin da ake nema shi ne kada gidan ya rasa fure, damina da rani.

Zogale: furensa na jawo ƙudan zuma da sha-kauci. Idan kina da uku, ki riƙa tsinkar ganyen biyu, ki bar ɗaya ya yi fure.

Ɗoɗɗoya: kada ki tsinke kanta duka. Ki bar gindi biyu su fitar da fure, ki ga yadda ƙananan ƙwari za su yi mata dafifi.

Guro da sure da rama: ga miya, ga fure mai faɗi duk damina.

Lalle: yana jure fari, furensa na da ƙamshi, ga kuma ƙunshi.

Alobera: idan ta girma takan fitar da dogon kara mai fure kamar bututu, irin wanda sha-kauci ke so. Tsohuwar roba ma ta ishe ta.

Wadda ke zaman haya ko gudun hijira, buhu biyu ko uku da ƙasa da takin awaki sun wadatar. Ki huda gindin buhun, ki kewaye da ƙaya saboda akuya, ki riƙa ba su ruwan alwala da na wankin shinkafa. Ruwan omo kam a kai shi nesa.

Kada ki kashe kowace tsutsa

Duk malam-buɗe-littafin da ya burge ki, tsutsa ne a da. Uwar takan sa ƙwai a kan ganyen da 'ya'yanta za su ci, kuma kowane iri da ganyensa. Mai launin ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari, a tumfafiya yake tashi, har dafinta ya zauna a jikinsa tsuntsaye su guje shi. Farare da rawaya masu yawo a damina, da yawansu a tafasa da rai-ɗore suke girma. Babban nan baƙi mai zanen rawaya kuwa a lemun tsami yake sa ƙwai, kuma tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take.

Don haka ki bar 'yar tafasa a lungu. Idan lemunki ƙarami ne, ki cire tsutsar da hannu, idan ya girma ganye kaɗan ba zai rage shi da komai ba. Tumfafiya kuma a bar ta a bayan katanga, domin farin ruwanta na yi wa ido mummunar illa. A ja wa yara kunne sosai a kanta.

Maganin ƙwari

Nan ne aka fi yin ɓarna. Piya-piya da sauran magungunan feshi ba su san aboki ba, ba su san maƙiyi ba. Suna kashe ƙudan zuma, suna kashe ƙananan ƙwari da gizo-gizon da sha-kauci ke ciyar da 'ya'yansa da su, ga haɗari ga yaran da ke rarrafe a tsakar gida. Kada ki fesa su a kan abin da za a ci. Idan ƙwari sun dame ki, ki daka 'ya'yan dogon yaro, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki yayyafa bayan la'asar sakaliya lokacin da ƙudan zuma ya koma gida. Ko shi ma kada ya taɓa furen.

Ruwan sha da aikin yara

A watannin Maris da Afrilu, ruwa ya fi fure jawo baƙi. Ki sa ɗan kasko a inuwa, ki zuba tsakuwa a ciki don ƙwari su sami wurin sauka, ki ɗora shi inda kyanwa ba ta kaiwa. Ki zubar ki wanke duk bayan kwana 2, domin sauro na iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kusan mako guda.

Wannan aiki ki damƙa shi ga yara. Yaron da aka hana zuwa daji saboda tsaro yana bukatar abin da zai sa ido a kai. Ki sa shi ya ƙirga irin malam-buɗe-littafin da suka zo yau, ya bi tsutsa ɗaya har ranar da za ta fito da fukafukai. Wanda ya ga sheƙar sha-kauci tana lilo a reshe, an ɗinke ta da yanar gizo-gizo, zai yi tunani kafin ya ɗauko danƙo. Ki kuma tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya nuna cewa abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi.

Ku faɗa mana sunan da ake kiran malam-buɗe-littafi da sha-kauci a garinku, da shukar da kuka ga sun fi so. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake adana irin guro da kabewa kada ƙwari su cinye shi kafin damina.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gonarsa.