Alhazan ƙafa suna ƙarewa, mu kuwa ba mu rubuta su ba



Mu a nan Farin Dutse, da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, mun taso muna jin ana cewa kakan wane ta ƙasa ya je Makka. A nan zancen yake tsayawa. Sai mu jinjina kai, mu koma kan wayoyinmu mu ci gaba da rubuta labarin attajirin da ya sauka Dubai, garin da yawancinmu a hoto kawai muka sani. Ra'ayinmu shi ne, tafiyar nan ta ƙafa tana cikin manyan labaran da Bahaushe ya mallaka, kuma naman labarin yana kan hanya, cikin abin da aka ci da wanda aka haɗu da shi kullum.

Mu fara da hanyar kanta. Daga ƙasar Kano a nufi Borno, a ƙetara zuwa Fort Lamy wadda yau ake kira N'Djamena, a bi ta Abeche a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Al-Junaina, sai Al-Fashir, sai Al-Ubayyid, sai bakin kogin Nilu, har a dangana da Sawakin ko Port Sudan a gaɓar Bahar Maliya. Fiye da kilomita 3,000 ke nan. Wani ya yi ta cikin shekara biyu, wani bakwai, wani bai ƙarasa ba. Shi ya sa ake bankwana irin ta mutuwa, a biya bashi, a nemi gafarar kowa kafin a ɗaura kaya a jaki.

Yanzu mu tambayi kanmu, wa ya taɓa rubuta mana yini guda na wannan tafiya? Ayari ya tashi bayan sallar Asuba, a yi ta tafiya har rana ta take, a fake a inuwa a dama gari, a sake ɗagawa da La'asar. Guzuri ya ƙare, sai a yada zango a nemi sana'a: wanzanci, yankan farce, ga-ruwa, ɗinkin hula, koyar da allo. Damina ta riske su, sai a ari gona a yi noma a jira kaka. A Kurdufan sun tarar ana rarake cikin kuka a tara ruwan sama domin rani, itacen da mu a nan miyarsa muka fi sani. Da suka kai Jazira, inda aka buɗe babban aikin noman auduga a 1925, da yawa suka tsaya tsintar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa. A hanyar an ɗaura aure, an yi suna, an binne 'yan uwa a garin da ba a jin yarensa.

Ga kuma mutanen da aka tarar. A Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu, matafiyi zai iske zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa garin. Ku ƙiyasta mutumin da ya yi wata da watanni yana fama da Larabci, kwatsam ya ji an yi masa sannu da zuwa da harshen gida. Ku ƙiyasta kuma ranar da ɗan ƙasar duwatsu irin tamu ya fara ganin teku a Sawakin, ya ɗanɗana ruwan ya ji gishiri, ya zauna jiran jirgin da zai kai shi Jidda.

Wani zai ce tsofaffi suna mantuwa, suna kuma ƙara wa miya gishiri. Gaskiya ne. Amma aikin marubuci ke nan, ya ji daga baki biyu ko uku, ya gwada da tarihi. Wani zai ce masu karatu soyayya suke so. To, matar da ta bi mijinta shekara biyar a ƙafa, ta haihu a Wadai, ta yaye a Darfur, wace soyayya ce ta fi wannan? Sharaɗi ɗaya ne: kada mu shafa wa labarin zuma. An yi fashi, an yi yunwa, an yaudari wasu. Mu rubuta har da wannan.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne lokaci. Jirgin sama ya karɓe hanyar, har aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Yaran da aka goya a ayarin ƙarshe yau su ne masu furfura. Garuruwan da suka ratsa kuwa, irin su Al-Junaina da Al-Fashir, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita su. Mu tuna labarin Baba ta Karo: ba don Mary Smith ta zauna gabanta ta saurara ba, har littafin ya fito a 1954, da ya bi ta kabari. Baƙuwa ce ta yi wancan aikin. Wannan karon mu ne jikokin gida.

Don haka aikinmu na wannan mako ke nan. Kowa ya bincika a danginsa ko unguwarsa, ya sami tsoho ko tsohuwar da ta yi tafiyar, ko wanda ya ji daga bakin iyayensa. A je da goro da ladabi, a nemi izini kafin a kunna rikoda. Kada a fara da tambayar Ka'aba, wannan kowa zai faɗa. A tambaya: Baba, da me kuka karya ranar da kuka bar gida? Inna, wa ya fara ba ku ruwa a ƙasar da ba ku san kowa ba? A rubuto mana shafi ɗaya kawai, yini guda na tafiyar.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya sa alƙalaminmu ya riski waɗanda suka rage.