Littafin lissafin rairayin teku, daga Lome zuwa Kwatano

Ƙasar Nijar ba ta da teku, amma shinkafa da sukari da motoci da yawancin hajar da ke cikin kasuwannin Maraɗi da Damagaram ta teku suke zuwa. Shekara da shekaru tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce babbar ƙofarsu. Daga 2023, da aka rufe iyaka da Benin, kaya masu yawa suka koma bi ta Lome. To, tashoshin nan biyu suna fama da abokin gaba guda, wanda ɗan kasuwa ba ya ganin sunansa bisa takardar duwan, alhali kuwa yana cikin kuɗin da ya biya. Wannan abokin gaba shi ne rairayi.

Ga yadda al'amarin yake. Raƙuman ruwan da ke bugun wannan gaɓa daga nesa suke tasowa, can kudancin tekun Atlantika, kuma a karkace suke isowa, daga kudu maso yamma. Kowane raƙumi ya fashe sai ya ɗan tura rairayi gabas. Tura kaɗan-kaɗan ɗin nan, dare da rana, ita ce ke zama wani kogi na rairayi mai bin gaɓa, wanda a Togo da Benin yake kwasar wajen metir-kub miliyan 1 ko fiye a shekara. Idan tifa tana ɗaukar metir-kub 10, lodi 100.000 kenan, wato fiye da tifa 270 kowace rana ta Allah.

A 1965 aka buɗe tashar Kwatano, a 1968 ta Lome. Doguwar katangar duwatsu da ke kare kowace tasha ta datse wannan kogi. Yamma da tasha rairayi ya taru, ƙasa ta ƙaru. Gabas kuwa teku bai daina ɗiba ba, ga shi babu mai kawo masa, sai ya kama cin ƙasa: a wasu wurare fiye da metir 10 a shekara. Gidaje suka tafi a unguwar Akpakpa ta Kwatano, a Togo kuma tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho ta shige ruwa. Hakanan barajin Akosombo na Gana, wanda aka gama a 1965, ya riƙe yawancin abin da kogin Volta ke kai ma teku. Rairayin da ya zagaye katanga ya faɗa hanyar jirage kuma sai an yashe shi da kuɗi masu yawa, kuma daga ƙarshe masu kaya ne ke biya.

A da, injiniyoyi kan gina ƙaramar tasha cikin wani babban kwarmin ruwa, su kaɗa ruwan da inji, su zuba ido. Yanzu mafi yawan aikin cikin kwamfuta ake yin shi. Ana yanka taswirar teku gida-gida kamar dara. Kowane gida a ba shi zurfinsa da girman ƙwayar rairayinsa, sannan a shigar da tsayin raƙuman ruwa, da wajen da suke fitowa, da hawa da saukar teku. Na'ura ta lissafta ƙarfin ruwan, da abin da zai gangara bisa ƙasa, da abin da zai tashi ya bi ruwa. Daga nan sai lissafin da kowane mai kanti ya sani: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Gidan da ya samu fiye da abin da ya bayar ya cike, wanda ya bayar fiye da abin da ya samu ya rame. A gyara taswirar, a sake lissafi, sau dubbai, har a ga kamannin gaɓar nan da shekara 20 ko 50. Sanannun manhajojin wannan aiki su ne Delft3D na Holan, da TELEMAC na kamfanin lantarkin Faransa EDF, da MIKE 21 na Danmak. Biyun farko an sake su kyauta ga kowa tun wajen 2010 da 2011.

Amfanin wannan lissafi shi ne yana hana ma kowa ƙaryar cewa rairayi ya ɓata. Bai ɓata ba, wani wuri ya tafi, ko kuma wani ya riƙe shi. A 2018 masanan cibiyar Deltares ta Holan suka fitar da irin wannan lissafi na gaɓar tun daga Kodibuwar har Benin. Ya nuna cewa manyan tashoshi na cikin manyan dalilan zaizayar da ake gani, kuma hawan teku sanadin ɗumamar duniya na iya fin su ɓarna kafin ƙarshen ƙarnin nan. Ya kuma tabbatar da abin da ke da wuyar faɗi a taron ministoci: ƙasar da ta kare gaɓarta da duwatsu, maƙwabciyarta ta gabas take tura ma matsalar.

Sai dai ma'aikacin da aka ajiye ma rahoto mai taswirori ja da shuɗi a bisa tebur ya kamata ya yi hattara. Kyan zane ba hujja ba ne. A ɗaya daga cikin ƙa'idojin da aka fi aiki da su, kuskuren kashi 10 cikin 100 wajen auna tsayin raƙumin ruwa yana haifar da kuskuren fiye da kashi 25 a yawan rairayin. Masu sana'ar da kansu suna ganin lissafi ya yi kyau in bai wuce ninki biyu ko rabin gaskiya ba. Ga shi kuma na'urorin awo cikin tekun wannan yanki kaɗan ne, rairayin da masu gini suka kwashe shekara da shekaru kuma babu wanda ya rubuta shi daidai. Saboda haka tambayar da ta dace a yi ma mai rahoto ita ce: an jarraba lissafin da abin da ya riga ya faru? In aka ba na'ura gaɓar shekarun 1980, tana fito da wadda hotunan tauraron ɗan'adam ke nunawa yau? Kwamfuta ta yi araha, awo ne ke da tsada, kuma shi ake fara yankewa in kuɗin aiki suka gaza.

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku, haɗe da ambaliya da ƙazanta, ta ci ma Benin da Kodibuwar da Senegal da Togo dalar Amurka miliyan 3.800 a 2017 kaɗai. A ƙarƙashin shirinsa na WACA, a 2022 da 2023, Togo da Benin suka yi aiki guda tare a wajen iyakarsu. Ban da katangun duwatsu da aka miƙa cikin ruwa, an tsotso rairayi metir-kub miliyan 6,4 daga cikin teku aka jibge a gaɓar Benin, domin raƙuman ruwa su rarraba shi gabas da kansu. Dabarar daga Holan aka aro ta, inda a 2011 aka jibge miliyan 21,5 a wuri guda. Shekarun da wannan tulin zai yi yana kare gaɓa, lissafin kwamfuta ya ba da nasa adadi. Mutanen Gran-Popo kuwa da ƙafa suke aunawa, daga ƙofar gida zuwa bakin ruwa.